Karen motar Garwa a gaban mai kuntigi

Ni haifaffen Garwa ne, unguwar Hausawa, kuma tun ina ɗan saurayi nake cin abinci a kan babbar hanyar da ta taso daga Ngaundare, ta ratsa Garwa da Marwa da Mora, ta dire Kusiri bakin iyakar Cadi. Yau direba ne ni, gemu ya yi fari, yaran tasha Baba suke ce mini. Amma a bayan bodi na fara, kuma labarin da nake so in bayar na wancan zamanin ne, lokacin da ba wanda ya damu da sunana, sai dai a ce "kai yaro".

Mahaifina ya rasu ban gama wayo ba, ya bar Inna da mu ƙanana. Lekol ban yi nisa ba, allo ma a tsakiya na tsaya. A 1985 kawuna ya kama hannuna ya kai ni tasha wurin wani abokinsa direban Marsandi, ya ce masa, "Ga ɗanka nan. In ya yi ba daidai ba ka hukunta shi, amma don Allah ka koya masa abin da zai riƙe uwarsa." Shekarar ce aka buɗe gadar Ngeli a kan kogin Logon, motoci suka daina jiran jirgin fito, suna shiga Njamena kai tsaye, lodin Cadi ya yi yawa. Jirgin ƙasa ya kawo kaya daga Duwala ya sauke a Ngaundare inda layin dogo ya ƙare, mu kuma mu ɗora: fulawa, sukari, siminti, abin da ya samu. Dawowa mu ɗauko albasar Marwa, ko gyaɗa, ko dilolin auduga.

Wanda bai yi yaron mota ba zai ɗauka aikin bai wuce goge gilashi da ɗaure tamfol ba. Kai ne za ka riga kowa tashi ka duba ruwan lagireto da baƙin mai, kai ne mai kwance taya a tsakiyar rana tsakanin Mora da Waza a watan Afrilu, ƙarfe ya yi zafin da sai ka naɗe hannu da tsumma kafin ka taɓa sifana. Kai ne mai dafa wa direba shinkafa a gefen titi, ya ci ya rage maka. In dare ya yi shi ya kwanta a gaban mota, kai ka shimfiɗa buhu a ƙarƙashinta, ido ɗaya a buɗe saboda ɓarayin gas da batir. Sannan ga Falez, hawan dutsen nan da ke tsakanin Mbe da Ngaundare. In mota ta ɗauki nauyi tana hawa, sauka kake yi ka saɓa weji a kafaɗa, kana bin tayar baya a ƙafa. Da ka ji injin ya fara shaƙewa sai ka shirya, in ya mutu ka cusa wejin kafin mota ta fara komawa da baya. Ran direba da dukiyar mai kaya duk suna hannun yaron da ke riƙe da guntun icen nan. Na san yaran da suka bar yatsu a wurin, na san wanda ya bar ransa. Amma da an sauka gari, sunanka karen mota, kuma in ka shiga rumfar mai abinci sai a duba tufafinka a nuna maka bencin waje.

Maigidana mutumin Shata ne. Kaset ɗin Shata kaɗai ke shiga rikodarsa, in kalangu ya ɗauka sai ka ga yana buga sitiyari da tafin hannu. Ni ma ina jin daɗinsa, ba wanda zai ji Shata ya ce bai ji waƙa ba. Sai dai mutanen da ake ambata a ciki manya ne, masu kuɗi da sarauta da manyan direbobi, ni kuwa ina can sama a kan kaya iska na duka na. Ɗan Maraya Jos na fara jin sa ne a teburin wani mai shayi a Figil, cikin dare, an kama Rediyon Kaduna tana zuwa tana ɗaukewa. Murya ɗaya, tsirkiya ɗaya, ba 'yan amshi, ba ganguna. Ina cikin kurɓar shayi sai na lura maganar da mutumin nan yake yi tamu ce, ta karen mota. Na ajiye kofin. Wallahi ban taɓa zaton akwai wanda zai zauna ya tsara waƙa saboda irinmu ba. Mai shayin ne ya faɗa mini sunansa, ya ce ai wannan tana cikin waƙoƙin da suka fara fito da shi.

Daga nan na shiga neman kaset ɗinsa wurin masu kawo kaya daga Mubi a babbar kasuwar Garwa. Rikoda ba ni da ita, sai in kai wa mai shayi ko mai faci ya sa mini in zauna in ji. A haka na san labarinsa kaɗan-kaɗan daga bakin direbobin Najeriya: sunansa na yanka Adamu Wayya, an haife shi a Bukur kusa da Jos a 1946, mahaifinsa makaɗin fadar sarkin garin ne, iyayensa sun rasu yana ƙarami, sarkin ya riƙe shi. Wannan ya ƙara kusanta shi da zuciyata. Kuma na ga ba mu kaɗai ya duba ba. Ya yi magana a kan zaman aure, da auren dole, da gulma, da zaman mai shi da marar shi, da masu ƙananan sana'o'in da ake wucewa ba a gaishe su.

Wajen 1992 na ga wata yarinya a unguwarmu, muka daidaita, kawuna da wani dattijo suka je nema mini. Mahaifinta ya karɓe su da mutunci, ya ce a ba shi lokaci. Amsar da ta dawo ta bakin wata gwaggonta ita ce ba za su ba karen mota 'ya ba, mutumin da ba shi da wurin kwana sai ƙarƙashin mota. Inna ta ce, "Ka yi haƙuri ɗana, matar mutum kabarinsa." Na yi shiru, amma abin ya zauna mini a ƙirji. Na daina shiga unguwa da rana, in mun dawo daga tafiya sai in kwana a tasha. Har na fara tunanin in bar mota in koma sayar da man zuwa-zuwa, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri, a kwalabe a bakin titi, ko banza dai a daina kira na da wannan suna.

Cikin hunturun shekarar ne Alhaji mai motarmu ya ce zai tafi Jos bikin ɗan wani amininsa, dillalin kayan gyaran manyan motoci, kuma zai haɗa da sayayya. Lokacin sefa na da ƙarfi a kan naira, kafin a karya darajarta a Janairun 1994, saboda haka duk mai mota a Garwa Najeriya yake sayen kayan gyara. Maigidana ne zai tuƙa shi a ƙaramar a-kori-kura, ni kuma aka ce in biyo don lodi da gadin mota. Muka ƙetara iyaka muka shiga Yola, muka bi Numan da Gombe da Bauci. Ni da na saba da Ngaundare na ɗauka na san sanyi, sai da muka hau Jos. Riga ɗaya gare ni mai kauri, ita ma duk baƙin mai.

Wani abu kuma da ya dame ni shi ne baki. Mu a Garwa Hausa ta gida ce da unguwa, kasuwa Fulatanci, ofis da shingen jandarma Faransanci, saboda haka Hausarmu ta sha gauraye. A Jos da na buɗe baki sai yara su yi murmushi su ce, "Ɗan Faransa ne." Ba da mugunta suke faɗa ba, amma sai na ƙara kama bakina.

Ban san Ɗan Maraya zai zo bikin ba. Ina wanke mota da la'asar na ji yaran gidan suna cewa bayan isha'i zai yi wasa. Na tambaya har na ƙara tambaya, don na ɗauka ba daidai na ji ba. A wurinsu abin ba baƙo ba ne, ɗan garinsu ne, suna ganin sa a hanya. Ni kuwa hannuna har rawa yake, soson ya faɗi cikin bokiti. Na je wurin maigidana na ce, "Maigida, don girman Allah ka bar ni in je in gani, ko daga nesa ne." Ya dube ni ya ce, "Kulle motar ka kawo makulli. In ka ga dama ka kwana a can."

An tare layin gidan da rumfuna, an jera kujeru, manyan baƙi a gaba da manyan riguna, mata a gefe guda. Mu yaran motocin da suka kawo baƙi, da 'yan dako, da almajirai, muna can baya a tsaye bayan igiya, hannuwa cikin hammata saboda sanyi. Da ya iso ban gane shi ba sai da sanƙira ya ɗaga murya. A raina na zana wani ƙaton mutum mai tawaga, sai ga mutum madaidaici cikin riga da hula, ya gaisa da dattawa, ya nufi makirufo, abin kiɗansa a hannu. Kuntigin nan da ya cika mini kunne shekara da shekaru, ashe duk tsawonsa bai fi ludayin miyar Inna ba: ɗan gwangwani irin na kifi an rufe shi da fata, ɗan sanda, tsirkiya guda, da 'yan ƙarafa a ƙarshen sandan masu kacau-kacau in hannu ya motsa.

Ya manna shi a jikinsa ya fara. Abin da kaset ba ya nuna maka shi ne hannun. Na dama yana kaɗa tsirkiyar da saurin da ido ba ya iya bi, yatsun hagu na tafiya a kan sandan, sai ka rantse mutum biyu ne ke kiɗa, ɗaya na riƙe da amo ɗaya na zuba. Kuma kuntigin ne ɗan amshinsa. Ya faɗi magana ya yi shiru, tsirkiyar ta maimaita abin da ya faɗa, har ka ji kalmomin a cikinta. Da yake biki ne, da waƙar zaman aure ya buɗe. Yakan sauya murya ya zama miji, ya sauya ya zama mata, ya kawo yadda ƙaramar magana ke zama rigima a ɗaki. Mata suna guɗa, maza suna dariya suna sunkuyar da kai, don kowa ya ji an taɓo gidansa. Na ga wani dattijo a kujerar gaba yana nuna abokinsa da yatsa. Ba zagi a ciki, ba batsa, amma ba wanda ya tsira. Hausar kuwa a fili take, ba ƙaƙale, irin wadda Inna za ta ji ta gane tun daga farko har ƙarshe. Ni da ake ce wa ɗan Faransa ba kalma ɗaya da ta wuce ni.

Manya suka yi ta tashi suna liƙi, sanƙira na faɗin sunayensu da garuruwansu. Alhajinmu ma ya tashi ya yi nasa. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, lasifika ta mutu, wuri ya yi duhu. Aka fara hayaniya ana neman mai tayar da janareto. Shi kuwa bai tsaya ba. Ya ci gaba da kaɗa tsirkiyarsa, sai hayaniyar ta fara lafawa da kanta, saboda duk mai son ji dole ya yi shiru ya matso. Masu kujeru suka jawo kujerunsu, aka kawo fitilun ƙwai, mu na baya muka tsallake igiya, ba wanda ya ce mana kanzil. Turawar jama'a ta kai ni har gaba, na tsugunna kusa da ƙafar wani attajiri, tsakanina da Ɗan Maraya bai fi taku huɗu ba. Ina jin numfashinsa tsakanin baiti da baiti, ina ganin gumi a goshinsa cikin wannan sanyi.

Wani direba daga cikin jama'a ya ɗaga murya ya roƙi a yi ta karen mota. Wasu suka mara masa baya. Da tsirkiyar ta juya ta ɗauki kiɗan, tsigar jikina ta tashi. Ba zan iya kawo muku yadda na ji ba sai dai in faɗi abin da na gani. Na ga alhazai masu motoci goma-goma sun miƙe tsaye, wasunsu na share ido da bakin riga, don ashe da yawansu daga bayan bodi suka fara. Na ga maigidana, mutumin Shata, wanda bai taɓa ce mini sannu da aiki ba, yana waige-waige cikin duhu yana nema na. Aikin nan da aka hana ni mata saboda shi, ga shi ana faɗin wahalarsa da amfaninsa a gaban manyan gari, kowa ya yi tsit yana saurare. Hawaye suka zubo mini, ban ɓoye ba.

Abin da ke aljihuna takardar sefa ce ta ɗari biyar, kuɗin abincina na komawa. Na miƙe da rigata mai baƙin mai na je na liƙa masa. Sanƙira ya ɗauki takardar ya kai kusa da fitila, ya ga ba naira ba ce, ya kama hannuna ya ce, "Samari, daga ina?" Na ce daga Garwa. Ya ce, "Me kake yi?" Da a ce da rana ne a unguwarmu, da na ce ina harkar sufuri. A wurin na ce, "Yaron mota ne ni." Ya juya ya shelanta wa jama'a cewa ga karen mota tun daga Garwa ta ƙasar Kamaru ya yi kyauta da kuɗin ƙasarsu. Wuri ya ɗauki sowa. Ɗan Maraya ya dube ni, ya gyaɗa kai, ya saka sunan garinmu a cikin waƙar ya zarce. Iyakar abin da ya shiga tsakanina da shi ke nan, ko gaisawa da hannu ba mu yi ba, kuma ban sake ganin sa ba har ya bar duniya.

Na san akwai malaman da ba sa son kiɗa kowane iri, kuma ban zo jayayya da su ba, sun fi ni sani. Abin da na shaida da kaina shi ne daga daren nan ban sake jin kunyar sana'ata ba. A hanyar komawa, bayan mun wuce Gombe, maigidana ya tsaya a gefen titi ya ce, "Zo nan ɗana, zauna." Ya koma kujerar gefe ya bar mini sitiyari, Alhaji na zaune bai ce komai ba. Ban san abin da suka tattauna ba, amma daga wannan tafiyar aka fara koya mini tuƙi da gaske. Bayan 'yan shekaru na sami permi, wato lasisin tuƙi, aka ba ni mota. Yarinyar nan an aurar da ita ga wani, Allah ya ba su zaman lafiya. Ni ma Allah ya ba ni uwar 'ya'yana, 'yar wani mai faci a Marwa, wanda da aka je tambaya ya ce shi ya san abin da yaron mota yake ci kafin ya zama mutum.

Yaran da suka biyo ta hannuna suna da yawa, Hausawa da Fulani da Kotoko da 'yan kudu. A motata kwano ɗaya muke ci da yaro. In ruwa ake yi, a gaba yake kwana. In ya nuna hankali, a miƙaƙƙiyar hanya nake fara ba shi sitiyari, ba na jira sai ya roƙa. Wasu direbobin suna cewa ina ɓata yara, in sun waye za su gudu. Wasu sun gudu ɗin, gaskiya ne. Amma akwai waɗanda yanzu suke jan tirela zuwa Njamena da Bangi, in mun haɗu a shinge su sauko su karɓi takarduna su kai mini. Kuma har gobe ina jin zafi in na ga direba ya ci nama ya miƙa wa yaronsa ƙashi, ko ya kira shi da zagi a gaban mutane, alhali shi ma ta nan ya biyo.

Ranar 20 ga Yuni 2015 ina Marwa, farkon azumi, muna jiran sojojin da za su raka ayarin motoci zuwa Kusiri, don lokacin hanyar Mora zuwa Waza ba ta biyuwa sai da rakiya saboda Boko Haram. A rediyo muka ji cewa Allah ya yi wa Ɗan Maraya rasuwa a Jos. Na yi salati, na sauka daga mota na zagaya wurin tsofaffin direbobi, na tarar labarin ya riga ni. Muka yi karo-karo aka sayo kunu da ƙosai da dabino, muka ce a tara duk yaran motocin da ke ayarin, su za su fara buɗe baki, mu mu raba musu da hannunmu. Yawancinsu ba su san shi ba, wasu ko Hausa ba sa ji sosai. Yarona ya ce, "Baba, wane ne wannan da kuke wa sadaka, ɗan'uwanku ne?" Na zaunar da su na ba su labarin nan da Fulatanci, wani direba ya nemo waƙar a wayarsa ya kunna musu, ina fassara. Bayan magariba wani malami da ke cikin fasinjoji ya ja mana addu'a. Allah ya jiƙan Adamu Wayya, ya yafe masa kurakuransa, ya jiƙan maigidana da Inna da duk yaran da suka kwanta a Falez.